Fayin mai farin ɓawo: Bishiyar ƙololuwar tsaunuka da tsuntsu ke shukawa

Fayin mai farin ɓawo, wadda masana tsirrai ke kira Pinus albicaulis, bishiya ce da ke tsirowa a kan manyan tsaunukan yammacin Amurka da Kanada, a wuraren da sanyi da iska suka fi ƙarfin yawancin itatuwa. Tana cikin dangin bishiyoyin fayin, masu siraran ganyaye kamar allura, waɗanda ba sa kaɗe ganye duk shekara. A Najeriya an san wasu ’yan uwanta na ƙasashe masu zafi da aka dasa a gandun daji na Afaka kusa da Kaduna da kuma tudun Jos, sai dai ita wannan rayuwarta ta sha bamban da tasu ƙwarai. Ba ta iya watsa irinta da kanta, tsuntsu guda ne ke shuka mata shi. Tana iya shekara dubu a raye, amma a cikin ƙarni ɗaya kacal wata cuta da aka shigo da ita daga ƙetare, da wani ƙwaro, da ɗumamar yanayi sun kai ta bakin halaka. A watan Disamban 2022 gwamnatin Amurka ta sanya ta cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, shekaru goma bayan Kanada ta ɗauki irin wannan mataki a 2012.

Kamanninta da mazauninta

Masanin tsirrai George Engelmann, Bajamushe mazaunin Amurka, shi ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1863. Sunan da ya ba ta da harshen Latin yana nufin mai farin jiki, saboda ɓawon ƙananan bishiyoyinta sumul yake, launinsa tsakanin fari da ruwan toka. Ganyayenta suna fitowa biyar-biyar a ɗaure wuri guda, abin da ya sa ake lissafa ta cikin rukunin fayin masu allura biyar. Kamar sauran danginta, ba ta yin fure ko ’ya’ya irin na mangwaro, sai dai ta fitar da kwanso mai ɓawo hawa-hawa, wanda iri ke kwance a cikinsa. Kwansonta gajere ne, tsawonsa santimita 4 zuwa 8, launinsa shunayya mai duhu, kuma yana ɗaukar shekara biyu kafin ya nuna.

Mazauninta ya faro daga tsakiyar lardin Birtish Kolombiya a Kanada, ya rabu gida biyu. Reshe ɗaya ya bi tsaunukan da ke kusa da gaɓar tekun Fasifik, ta jihohin Washinton da Oregon har zuwa tsaunukan Sierra Nevada a Kalifoniya. Ɗayan ya bi tsaunukan Roki ta lardin Alberta da jihohin Montana da Idaho zuwa Wyoming. Faɗin yankin ya haura hekta miliyan 32, kuma kusan kashi 70 cikin 100 yana cikin Amurka. A can arewa, inda sanyi ke saukowa ƙasa, ana ganin ta tun daga tsayin mita 900 daga doron teku. A kudu kuwa sai an hau sama sosai, har zuwa mita 3,600. Idan aka tuna cewa Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, za a gane irin bisan da wannan bishiya ke rayuwa.

Siffarta tana bin wurin da ta samu kanta. A gangaren da ke da ɗan kariya takan miƙe ta kai mita 15 zuwa 20, da rassa masu buɗewa sama. A can ƙololuwa, iyakar inda itace ke iya tsirowa, iska mai ɗauke da ɓarɓashin ƙanƙara tana aske duk reshen da ya ɗago, don haka bishiyar takan kwanta ta bazu a ƙasa kamar tabarma, tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba ko da ta shekara ɗaruruwa. Girmanta na tafiyar hawainiya ne. Ba ta fara kwanso sai ta shekara 20 zuwa 30, kuma ba ta bayar da iri mai yawa sai ta kai shekara 60 zuwa 80. An taɓa ƙirga zobban cikin wata bishiya a tsakiyar Idaho aka samu ta haura shekara 1,270.

Amanar da ke tsakaninta da tsuntsu

A yawancin bishiyoyin fayin, kwanso yana buɗewa da kansa idan ya bushe, iri mai ɗan fiffike ya fito, iska ta kwashe shi. Fayin mai farin ɓawo ba ta bin wannan hanya. Kwansonta ba ya buɗewa, irinta kuma babba ne, mai nauyi, marar fiffike. Da za a bar shi, da sai ya ruɓe a gindin uwarsa ko ɓeraye su cinye shi. Mai fitar da shi shi ne wani tsuntsu ɗan dangin hankaka, mai launin toka da baƙaƙen fukafukai, wanda masana ke kira Nucifraga columbiana. A Turance an raɗa masa sunan William Clark, ɗaya daga cikin jagororin ayarin binciken Lewis da Clark, wanda ya gan shi a Idaho ta yau a watan Agustan 1805. A nan za a kira shi tsuntsun Clark.

A ƙarshen watan Agusta zuwa Satumba, tsuntsun yakan sa dogon bakinsa mai ƙarfi ya farfasa kwanso, ya zaro iri ɗaya bayan ɗaya, ya tara a wata jaka da ke ƙarƙashin harshensa, wadda ke iya ɗaukar iri kusan ɗari. Daga nan sai ya tashi ya je ya binne su a ƙasa, zurfin santimita 2 zuwa 3, daga iri ɗaya zuwa 15 a kowane rami. Masana sun ƙiyasta cewa a shekarar da aka samu yabanya, tsuntsu guda yana iya ɓoye iri tsakanin 32,000 da 98,000 a dubban ramuka. An kuma bi sawun wasu da na’ura aka ga sun kai iri nisan kilomita 30 daga inda suka ɗebo shi.

Wannan rumbu shi ne abincinsa na hunturu, da shi ne kuma yake ciyar da ’ya’yansa a farkon shekara tun dusar ƙanƙara ba ta narke ba. Yana tuna wuraren ta hanyar lura da duwatsu da kututture da ke kusa, har yakan tona dusar ƙanƙara ya isa ga ajiyarsa. Amma ba duka yake komawa ya ɗauka ba. Abin da ya rage a ƙasa shi ke tsirowa, wani a shekarar farko, wani sai bayan shekara biyu ko fiye, domin irin yana iya jira a cikin ƙasa har yanayi ya yi masa daidai. Zurfin da tsuntsun ke binnewa ya zo daidai da wanda irin ke buƙata. Ke nan kusan kowace bishiya da ke tsaye a waɗannan tsaunuka tsuntsu ne ya shuka ta. Farfesa Diana Tomback ta Jami’ar Colorado da ke Denver ta shafe shekaru tun daga 1970 da ’yan kai tana nazarin wannan alaƙa, Ronald Lanner kuma ya rubuta littafi a kanta a 1996.

Sai dai amanar ba ta daidaita ba. Bishiyar ba ta da wani mashuki in ba tsuntsun ba, shi kuwa yana da zaɓi, domin yana cin irin wasu nau’o’in fayin. Bincike a tsaunukan Roki ya nuna cewa sai daji yana da kwanso kusan 1,000 a kowace hekta kafin a tabbata tsuntsun zai zo ya yi aikinsa. Idan itatuwa suka mutu kwanso ya yi ƙaranci, sai ya ƙaura zuwa wani wuri, ɗan abin da ya rage kuma kurege ya kwashe.

Abin da ƙwayoyin gado suka bayyana

Fayin mai farin ɓawo tana da kuromosom 24, wato tagwaye 12, kamar sauran danginta. Amma kundin gadonta, wato jimillar bayanan DNA da ke cikin kowace ƙwayar halittarta, gagarumi ne. A 2024 wata tawagar masana ƙarƙashin jagorancin David Neale na Jami’ar Kalifoniya da ke Davis ta wallafa jerin wannan kundi, wanda ya kai harafi biliyan 27.6, kusan ninki tara na kundin ɗan Adam. Girman ba ya nufin ta fi mutum yawan ƙwayoyin gado da ninki tara. Mafi yawan kundin maimaici ne, guntayen DNA da suka yi ta kwafar kansu suna taruwa tsawon miliyoyin shekaru.

Nazarin DNA ya gyara wani tsohon ra’ayi game da danginta. A da ana haɗa ta rukuni guda da wasu fayin huɗu na Turai da Asiya, wato na tsaunukan Alps, da na Saiberiya, da na Koriya, da wata gajeruwa ta gabashin Asiya, saboda dukansu kwansonsu ba ya buɗewa kuma tsuntsaye ke watsa irinsu. Da aka gwada DNA sai aka ga ba su fito daga tsatso guda da ya keɓanta da su ba. Tun daga 2005 masu rarraba tsirrai suka narkar da wannan rukuni cikin babban rukunin fararen fayin. Darasin shi ne kamanni ba ya tabbatar da zumunci, domin zama da tsuntsu iri ɗaya yana iya sa bishiyoyi su ɗauki siffa ɗaya.

Akwai wata baiwa da fayin ke da ita wadda ta sauƙaƙa wa masana bin tarihinta. A cikin ƙwayar halittar tsiro akwai ƙananan sassa biyu masu nasu DNA: kuloroflas, mai sarrafa hasken rana ya zama abinci, da mitokondiriya, mai samar da kuzari. A fayin, ana gadon kuloroflas daga uba ta hanyar garin barbara da iska ke ɗauka, mitokondiriya kuwa daga uwa ta hanyar iri. Saboda haka alamomin kuloroflas suna nuna inda iska ta kai gari, na mitokondiriya kuma suna nuna inda tsuntsu ya kai iri. Da wannan dabara aka gano cewa a zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin nahiyar, bishiyar ta fake a wasu ’yan wurare a kudu, sannan da ƙanƙarar ta janye fiye da shekara 10,000 da suka wuce, ta sake bazuwa arewa zuwa Kanada a cikin jakar tsuntsu.

Tasirin tsuntsun ya bayyana a tsarin zumuncin bishiyoyin, a matakai biyu masu kamar saɓa wa juna. A mataki na kusa, sau da yawa akan ga abin da ya yi kama da bishiya ɗaya mai jiki uku ko biyar daga gindi guda. Gwaji ya nuna cewa da yawansu bishiyoyi ne daban-daban da suka tsiro daga rami ɗaya, kuma tun da tsuntsun yakan cika jakarsa daga bishiya ɗaya ko biyu, galibi ’yan uwa ne, wasu uwa ɗaya uba ɗaya, wasu uwa ɗaya kawai. Amma gungun da ke maƙwabtaka da su yana iya zama bare, domin wani tsuntsu ne ya kawo shi daga wani tsauni. Zaman ’yan uwa kafaɗa da kafaɗa yana sa su yi barbara a tsakaninsu, abin da ke rage ƙarfin wasu daga cikin zuriyar.

A mataki na nesa kuwa, bambancin gado tsakanin wannan tsauni da wancan ƙanƙane ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na bambancin da ake samu yana cikin kowane daji ne, ba tsakanin dazuzzuka ba, duk da cewa tsaunukan a warwatse suke kamar tsibirai. Iska da tsuntsu ne ke ɗinke su. Wannan yana da amfani ga masu aikin farfaɗowa, domin ana iya ɗaukar iri daga wani yanki a dasa a wani mai ɗan nisa ba tare da ya gaza ba. Duk da haka, gwaje-gwajen da aka yi na shuka iri daga yankuna daban-daban a fili guda sun nuna akwai bambanci a lokacin toho da jure sanyi, gwargwadon tsananin hunturun asalin kowane iri. Shi ya sa hukumomin gandun daji suka shata shiyyoyin da ba a ƙetare su da iri.

Masu cin moriyarta

Irin wannan bishiya kusan rabinsa mai ne, kuma yana da sinadarin gina jiki mai yawa. A tsaunin da abinci ke da wuya, wannan dukiya ce. Jan kurege yakan yanko kwansuna tun ba su gama nuna ba, ya tara su tsibi-tsibi a maɓoyarsa. Beyar, musamman babbar nan da ake kira girizili, ba gwanar hawa ba ce, don haka sai ta bi sansana ta tone rumbun kurege ta cinye. A yankin gandun Yellowstone an lura cewa a shekarun da kwanso ya yi yawa, girizili kan zauna a can sama tana tara kitsen da za ta yi dogon barcin hunturu da shi. A shekarun ƙamfa takan sauko kusa da garuruwa da garken dabbobi, inda take arangama da mutane, kuma ta fi mutuwa. Batun ya kai har kotu. A 2007 gwamnati ta cire girizilin Yellowstone daga jerin dabbobin da ake karewa, amma a 2009 wata kotun tarayya a Montana ta soke matakin, kuma a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa hukumar ba ta yi cikakken bayani kan illar raguwar wannan bishiya ga dabbar ba.

Amfaninta bai tsaya ga abinci ba. Ita ce kan fara tsirowa a filin da wuta ta cinye ko a tsandaurin dutse, sannan wasu itatuwa su samu mafaka a bayanta daga iska. Saiwoyinta suna riƙe ƙasa a gangare. Inuwarta tana hana dusar ƙanƙara narkewa da wuri, ta yadda ruwa zai riƙa gangarowa sannu a hankali har cikin watannin zafi. Yammacin Amurka yanki ne mai ƙarancin ruwan sama, kuma noman rani da ruwan shan birane da dama sun dogara ne da wannan narkakkiyar ƙanƙara. Al’ummomin asali na yankin, irin su Salish da Kootenai, sun daɗe suna gasa kwanson suna cin irin, kuma a yau ƙabilun biyu suna gudanar da nasu shirin dashe a yankinsu da ke Montana.

Masifu huɗu

Babbar masifa ita ce cutar tsatsa, wadda wata fumfuna mai suna Cronartium ribicola ke haddasawa. Asalinta daga Asiya ne, ta bazu a Turai a ƙarni na 19, sannan ta shiga yammacin nahiyar Amurka a 1910 a jikin dashen fayin da aka yi odarsu daga Faransa zuwa Vancouver. Ba ta tsallakawa daga fayin zuwa fayin kai tsaye. Sai ta fara sauka a ganyen wasu ƙananan tsirrai, musamman na dangin Ribes, daga nan iska mai laima ta mayar da ita ga fayin. Tana shiga ta ƙofofin numfashin ganye, ta ratsa reshe, ta kai ga jikin bishiya, inda take yin gyambo mai fitar da ƙuraje ruwan lemo. Idan gyambon ya kewaye reshe, duk abin da ke sama da shi ya mutu. Tun da kwanso a rassan sama yake fitowa, bishiya takan daina haihuwa shekaru da dama kafin ta mutu. Ƙananan bishiyoyi kuwa cikin ’yan shekaru take gamawa da su. Amurka ta shafe shekaru kusan hamsin tana tura dubban ma’aikata suna tumɓuke tsirran Ribes, har aka haƙura a shekarun 1960 ba tare da an tsayar da cutar ba.

Ta biyu ita ce wani ƙwaro ɗan ƙasa, Dendroctonus ponderosae, wanda girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Macen takan huda ɓawo, ta saki wani wari da ke kiran dubban ’yan uwanta, su yi ƙwai a ciki. Tsutsotsin suna cin naman da ke ƙarƙashin ɓawo, wata fumfuna da suke tafe da ita kuma tana toshe hanyoyin ruwa. Cikin shekara guda ganye ya yi ja. A da, sanyin tsauni yana kashe tsutsotsin ko ya tilasta musu shekara biyu kafin su girma. Da yanayi ya ɗumama sai suka riƙa kammalawa a shekara ɗaya. Wani bincike da aka yi ta jirgin sama a yankin Yellowstone a 2009 ya gano mummunar mutuwa a kashi 46 cikin 100 na mazaunin bishiyar, da matsakaiciya a kashi 36. Ƙwaron ya fi son manyan bishiyoyi, wato masu bayar da iri, kuma ba ya bambanta mai jure tsatsa da marar jurewa.

Ta uku ita ce sauyin yadda wutar daji ke ci. Fayin mai farin ɓawo ba ta son inuwa. Wuta mai matsakaicin ƙarfi tana share mata fili, tsuntsun Clark kuma yana son binne iri a irin waɗannan wurare, har ya riga irin da iska ke kawowa isa tsakiyar ƙonannen daji. Bayan babbar gobarar 1910 a Idaho da Montana, hukumomi suka ɗauki manufar kashe duk wata wuta, lamarin da ya ba wasu itatuwa masu jure inuwa damar rufe ta a wurare da dama. A yanzu kuma matsalar ta juya, gobara masu tsanani suna cinye har da tsofaffin bishiyoyin da ake fatan samun iri daga gare su.

Ta huɗu, ɗumamar yanayi, ita ce ke ƙara wa sauran ƙarfi. Bishiyar ta taɓa bin yanayi tana hawa da sauka. A tudun Beartooth da ke Wyoming, ƙanƙarar da ta narke ta tono kututture fiye da 30 na wannan bishiya, masu shekaru tsakanin 5,400 da 6,000, a wuri mai tsayin kusan mita 180 sama da iyakar itatuwa ta yau. Amma hawa yana da iyaka, domin tsauni yana ƙarewa, kuma bishiyar da ke buƙatar shekara 60 kafin ta yi zuriya mai yawa ba ta iya tsere da sauyin da ke faruwa cikin ’yan shekaru. Alƙaluman hukumar gandun daji ta Amurka sun nuna cewa zuwa 2016, kashi 51 cikin 100 na bishiyoyin da ke tsaye a ƙasar matattu ne.

Neman masu jure cuta

Fatan da ake da shi yana cikin gadon bishiyar kanta. Ko a dajin da tsatsa ta yi wa kaca-kaca, akan tarar da ’yan bishiyoyi tsaye lafiya lau. A wasu ’yan uwanta masu allura biyar an gano ƙwayar gado guda mai toshe cutar tun a ganye. Juriyar fayin mai farin ɓawo ta wani salo ce: ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa, kowace da ɗan nata taimako, wata ta rage tabon ganye, wata ta sa ganyen da ya kamu ya kaɗe da wuri, wata ta killace gyambo a ɓawo. Irin wannan kariya ba cikakkiya ba ce, amma ta fi wuyar karyawa, domin fumfunar ta riga ta samo hanyar tsallake kariyar ƙwaya ɗaya a wasu nau’o’in fayin.

Tantance irin waɗannan bishiyoyi aiki ne na haƙuri. A farkon lokacin zafi ma’aikata kan hau bishiyar da ake kyautata wa zato, su rufe kwansunanta da ragar waya don kare su daga tsuntsu da kurege, su dawo a kaka su girbe. Ana kai irin cibiyoyi irin su Dorena a Oregon da Coeur d’Alene a Idaho, a rene shi shekara biyu zuwa uku, sannan a shigar da dashen ɗaki mai hazo, a shimfiɗa ganyen Ribes mai ɗauke da cutar a samansu domin su kamu da gangan. Daga nan a yi ta duba su har tsawon shekara biyar. Uwar da ’ya’yanta suka fi tsira ita ake yi wa lamba a matsayin zaɓaɓɓiya. Sakamakon ya nuna juriyar ta bambanta daga yanki zuwa yanki: tana da yawa a kewayen tsaunin Rainier a jihar Washinton, kuma a tsaunukan Roki tana raguwa daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas.

Zaɓaɓɓun bishiyoyi ana gadin su kamar dukiya. Akan maƙala musu ’yan jakunkunan sinadarin verbenone, wanda ke kwaikwayon warin da ƙwarin ke fitarwa idan bishiya ta cika, sai masu zuwa su wuce. Akan yanki rassansu a yi musu aure da wasu dashe, kamar yadda ake yi wa mangwaro, a kafa gonakin iri da za su yi kwanso da wuri. Ana kuma sa wa saiwoyin dashe wata fumfuna mai amfani ta dangin Suillus, wadda ke taimaka musu tsotsar abinci a ƙasa marar ƙarfi. Amfanin kundin gadon da aka wallafa a 2024 shi ne a gano alamomin juriya a DNA, ta yadda gwajin ganye ɗaya zai maye gurbin jiran shekara bakwai.

Tun da kusan kashi 88 cikin 100 na mazauninta a Amurka filin gwamnatin tarayya ne, nauyin ya fi hawa kan hukumomin gandun daji. Shirin farfaɗowa na ƙasa, wanda suka tsara tare da ƙungiyar American Forests da gidauniyar kare bishiyar da aka kafa a 2001, ya zaɓi kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na mazaunin a matsayin cibiyoyin da za a fara dasawa. Ba a sa ran mutum ya dasa dukan tsaunukan da hannunsa. Manufar ita ce a kafa dazuzzuka masu jure cuta da za su yi kwanso isasshe har tsuntsun Clark ya dawo, ya ɗauki irin ya kai sauran wurare. Dashen da aka sa a ƙasa a bana ba zai kai wannan matsayi ba sai wajen ƙarshen wannan ƙarni.